Hawayen Baba a Wayar Kowa

Yau kwana shida ke nan ana ruwa a Anacha, ba ya ɗaukewa sai dai ya sassauta. Shanyar da na yi tun ranar Talata tana nan kan igiya a cikin ɗaki, har ta fara warin danshi. Da safen nan na leƙa kasuwar Relief, na ji masu okada suna cewa kogi ya kai matakalar da masu kifi ke jera kwandunansu. Kowa ya duƙa kan wayarsa yana kallon hoton ruwa. Irin wannan daminar ce ta taɓa fitar da mu daga gida, shekarun baya, kuma a cikinta na yi abin da har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kansa ba.

A lokacin ina gaban iyayena, ban yi aure ba. Mahaifina Alhaji Ɗanlami wake yake sayarwa. Tun yana saurayi ya zo Anacha daga wani ƙauye a ƙasar Kano, mu duka a nan aka haife mu, shi ya sa Ibo a bakina kamar Hausa. Rumfarsa tana Relief, amma sitonsa yana unguwarmu, can gangare wajen kogi. Baba mutum ne mai kamun kai. Ban taɓa ganin ya fita ƙofar gida ba hula ba, ko ranar da aka aiko masa da rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba. In rigima ta tashi a kasuwa tsakanin mutanenmu da 'yan gari, shi ake kira, ya zauna ya saurari kowa da yarensa har a tashi ana dariya.

Ni kuma turaren wuta da humra nake sayarwa ta waya. Baba bai damu da sunayen dandalan da nake talla a kai ba, nasa sunan ya raɗa musu: na kore, inda ake tura saƙo da murya a guruf, na shuɗi, inda ake dogon rubutu da musu, sai na 'yan rawa, wato na gajerun bidiyo. Na huɗun, na hotuna, bai ma san da shi ba. In ya gan ni na duƙa sai ya ce, yau kuma a wace kasuwar kike ci? Iyakar ruwansa da abin ke nan.

Ruwan bai zo mana da hayaniya ba. Ta kwata ya fara shigowa. Mun wayi gari muka tarar da shi a zaure, iya idon sawu, ja-ja-ja, ledoji suna yawo a kai. Muka ɗora kaya kan benci, washegari muka ƙara bulo a ƙarƙashin bencin, jibi katifu suka hau kan wadirof. Umma takan ja layi da gawayi a jikin bango kowace safiya, kafin la'asar layin ya nutse. Maza suka taru a siton Baba, don bai daɗe da sauke mota guda ta wake ba, suka yi ta ɗaga buhuna suna jerawa kan katako har suka kusa taɓa kwano. Baba ya kulle, ya ce in Allah ya so ruwan ba zai kai can ba. Rana ta huɗu ruwa ya shafe murhun Umma, Liman ya yi shela a lasifikar masallaci cewa kowa ya tattara ya haura makarantar firamare da ke kan tudu.

A makarantar mata muka samu aji biyu, maza aji ɗaya da baranda. Ba mu kaɗai ba ne, akwai maƙwabtanmu Ibo da ruwan ya koro tare da mu, cikinsu har da Mama Nkechi, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen wake a wajen Baba don ƙosai. Benci biyu ake haɗawa ya zama gado. Da asuba mu jera bokitai a ƙarƙashin indararo, da shi za a sha, da shi za a yi alwala. Tukunya ɗaya aka yi wa kowa, kowane gida ya kawo abin da ya tsira da shi, Umma da Mama Nkechi su ne a bakin wuta. Icen jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai yake yi, kullum idanunsu jajur. Makon farko shinkafa da wake muka ci da manja. Mako na biyu aka koma garin kwaki da ƙuli. Daga nan sai koko tsararo, ba sukari, sau biyu a rana.

Abin da ya ƙara ƙuntata mu, ruwa ya yanke hanyar arewa. Motocin albasa da na tumatir da na shanu duk suna can bayan ruwa sun yi layi. Mahauta ba yanka, masu dako ba kaya. Maza sai su zauna a baranda suna kallon ruwan sama. Ƙafafunmu suka yi fari, tsakanin yatsu ya tsattsage saboda jiƙa. Sauro kuwa ba ya jiran yamma. Yara suka fara tari da gudawa, ajin ya cika da warin jiƙaƙƙun tufafi da na amai.

Ran nan Liman ya aiko a kira ni. Ya ce an gaya masa ni ce na iya abin nan na waya, in taimaka in sanar da duniya halin da ake ciki. Na zauna na tsara rubutu mai kyau, na lissafa abin da muke buƙata, abinci da magani da gidan sauro, na haɗa da hotunan rufin gidaje a cikin ruwa. Abu ɗaya na kwafa na liƙa a duk dandalan huɗu. Kwana uku ina zarya wajen mai janareta a bakin makaranta ina cajin waya, ina dubawa. Ba abin da ya zo sai Allah ya kawo sauƙi, Allah ya kyauta. A daminar nan kowa yana da hoton ruwa a wayarsa, namu bai fi na kowa ba.

Rana ta huɗu da sakin rubutun Baba ya samu mai kwalekwale zai kai shi ya duba sito. Na ce zan bi shi in ɗauko sababbin hotunan unguwa, ya ce to. Muka bi layinmu ta kan ruwa, muna sunkuyawa wayoyin lantarki. Tun daga nesa wari ya tare mu, wani irin tsami mai hawa kai. Da muka isa muka ga ƙofar siton ta turo waje, kwaɗon yana nan a kulle amma katakon ya tsage. Waken ne ya sha ruwa ya kumbura, ya farfasa buhuna, ya ture ƙofar daga ciki. Na ƙasa ya yi baƙi ya narke. Na sama, wanda ruwa bai kai ba sai danshi, ya tsiro, fararen tsirrai sun huda buhuna sun fito ta ko'ina.

Na ɗaga waya ina ɗaukar siton. Baba ya sauka, ruwa iya ƙugunsa, ya kama ya hau kan buhunan. Ya cusa hannu ya damƙo, ya kai hanci, ya sake damƙo wani a wani buhun. Yana sunkuyawa hularsa ta zame ta faɗa ruwa, bai ko kula ba. Sai ya zauna a kan buhu, waken a hannunsa, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Da na san haka ne," in ji shi, "da na raba wa mutane. Wannan da ya ci da mu wata biyu."

Ya yi kuka sosai, da sauti, kamar ba shi ba. Mai kwalekwalen ya juya baya yana kallon wani wuri. Ni ban juya ba, kuma ban sauke wayar ba. Na sha tambayar kaina ko mantawa na yi tana ɗauka. Ba mantawa na yi ba.

Da yammar ranar kokon bai kai ga kowa ba. Na ga Umma ta juye nata a kofin jikar Mama Nkechi, ta ce ita azumi take yi, alhali na ga ta sha ruwa da rana. Wata tsohuwa a ajinmu ta miƙe za ta yi alwala ta yanke jiki ta faɗi. Na fita bayan aji na kalli bidiyon sau ɗaya. Na san in na tambayi Baba zai hana, saboda haka ban tambaye shi ba.

Wannan karon ban kwafa na liƙa ba. Duk abin da tallar turare ta koya mini na zuba shi a kan mahaifina. A na 'yan rawa ba a jira, in ba ka kama ido nan take ba an wuce ka, sai na yanke shi gajere, na faro daga inda hular ta faɗi, na rubuta maganarsa da Turanci a ƙasa. A na shuɗi na sa shi duka, da dogon bayani, Hausa a sama Turanci a ƙasa, da sunan makarantar da yadda za a same mu. A na kore na matse shi ya zama ƙarami don kar ya cinye wa mutane data, na bi shi da murya kashi uku, Hausa da Ibo da buroka, wato Turancin kasuwa, kowane guruf da yaren da ake ji a cikinsa. A na hotuna na ciro hoto ɗaya, hannunsa cike da tsiron wake da rabin fuskarsa. Na jira bayan magariba, lokacin da mutane suka koma gida suka zauna, na saki. Ranar Juma'a bayan an sauko na sake turawa guruf-guruf na 'yan arewa. Ranar Lahadi Mama Nkechi ta tura wa matan cocinsu da muryarta, tana cewa ta san mutumin nan, bai taɓa tauye mata mudu ba. Duk wanda ya yi magana a ƙasa na amsa masa, don in kana amsawa abin ya fi tafiya.

Ya kuwa tafi. Wayata ta yi zafi har ba na iya riƙe ta. Kwana biyu tsakani motar farko ta tsaya a bakin makaranta da shinkafa da gari da taliya. Bayanta wasu mata suka zo da gidan sauro da tabarmi, wasu ma'aikatan jinya suka zo suka duba yara suka ba da magani. Mutanenmu 'yan kasuwar Mile 3 a Fatakwal suka haɗa kaya suka aiko, na Inugu ma haka. Tukunya ta cika har ana ƙari. Na ga yaran da kwana biyu ba sa iya tashi suna guje-guje a baranda. Tsohuwar nan ta warware. Liman ya sa mini albarka a gaban mutane. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na riƙa jin kaina wata ce.

Baba bai san komai ba, wayarsa ƙarama ce ta kira kawai, kuma ba wanda ya iya tunkararsa da maganar. Abin da ya fara ɗaure masa kai, baƙin da ke zuwa suna tambaya, "Where that papa wey cry?" wato ina tsohon nan da ya yi kuka. In an nuna shi sai su zagaye shi, su ɗora masa buhun shinkafa a gaba, su dafa kafaɗarsa a ɗauke su hoto. Yana ta yi musu godiya cikin ladabi, yana kallon mutane ko wani zai yi masa bayani. Sai yayansa, Kawu Sale, ya kira daga ƙauye. Ban ji abin da ya ce ba, daga baya Umma ta gaya mini. Wai duk garin an gani, har a majalisar mai shayi ana miƙa waya hannu zuwa hannu, shi dai yana so ya ji, bara ƙaninsa ya koma yi a kudu ba a gaya masa ba?

Bayan la'asar Baba ya kira ni bayan aji, inda ba kowa. Ya ce in nuna masa. Na kunna, ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska yadda yake karatu, ya kalla har ƙarshe.

"Bilkisu, ke kika ɗauka?"

"Ni ce, Baba."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

"Don me?"

"Na san za ka hana."

Ya miƙo mini wayar. Daga inda muke ana jin ƙarar ludayi a tukunya, ana rabon abinci.

"Mutane sun ci?" ya ce.

"Sun ci, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Yanzu ki cire shi."

A gabansa na goge shi daga duk wuraren huɗu, na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya tafi, yana ganin magana ta ƙare. Ni na san ba ta ƙare ba, amma ban san ta kai inda ta kai ba. Mutane sun riga sun sauke shi a wayoyinsu. Na riƙa cin karo da shi a shafukan da ban sani ba. Wani ya ɗora masa kiɗa mai sa kuka. Wani ya ce mahaifinsa ne, a taimaka a turo masa kuɗi. Wanda ya fi tayar mini da hankali, wani can arewa ya yanke wurin da ruwa ya fito sosai, ya bar fasasshiyar ƙofa da Baba yana kuka, ya rubuta cewa 'yan gari ne suka fasa siton Bahaushe suka lalata masa dukiya. A ƙarƙashinsa zagi ne da alwashi iri-iri. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sasanta mu da maƙwabta, ga fuskarsa ana hura wuta da ita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, ina cewa mahaifina ne, ruwa ne, ba kowa ba. Wasu suka cire, wasu suka toshe ni, wani ya ce an saye ni ne.

Ruwa ya janye bayan mako biyar, ya bar mana laka iya gwiwa a cikin ɗakuna. Gida-gida aka riƙa bi ana kwashewa, maza da shebur, mata da kwano da tsintsiya, yau gidan wannan gobe na wancan. Siton Baba ya ci kwana uku. Aka ɗaure hanci da tsumma ana fitar da ruɓaɓɓen wake a baro, shi ma yana ciki, bai yarda ya tsaya gefe ba. Hanya ta buɗe, motoci suka fara shigowa, ya samu 'yan buhuna ya koma rumfarsa.

Amma kasuwar ba ta koma masa yadda take ba. Mutanen da bai sani ba sukan tsaya su ƙura masa ido, wasu su ɗaga waya. Wata mata ta sayi wake ta ƙi karɓar canji, ta ce ya riƙe, ta gan shi. Ya bi ta har bakin titi ya mayar mata. Labarin ƙaryar nan ma ya iso kunnensa, har wani abokin cinikinsa Ibo ya zo ya tambaye shi ko shi ya ce an fasa masa sito. Rigima ta tashi a layin masu albasa aka aiko kiransa, ya ce a nemi wani. A masallaci ya bar sahun gaba, sai an tayar ya shigo ya tsaya a baya. Ni bai taɓa yi mini faɗa ba. In na gaishe shi zai amsa, amma in yana son abu sai ya ce wa Umma, ki ce wa yarinyar nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata Juma'a da hantsi ya kira ni da sunana. Na same shi ya sa farar babbar rigarsa, wadda Umma ta tsira da ita a leda, da sabuwar hula. Ya ce in ɗauko wayata in biyo shi. A gaban rumfa ya sa kujera ya zauna, ya gyara hannun riga, ya ce in ɗauke shi, kuma in kai shi duk inda na kai wancan.

Ya yi magana a nutse, da Hausa, sannan ya maimaita da Ibo. Ya faɗi sunansa da sana'arsa. Ya gode wa duk wanda ya aiko da ko ƙwayar shinkafa. Ya ce ba wanda ya fasa masa sito, ruwa ne, kuma ruwa na Allah ne. Ya ce a makarantar nan tukunya ɗaya suka ci da maƙwabtansu, wanda duk ya ce ba haka ba ƙarya yake yi. Ya ce shi ba ya bara, ga shi a rumfarsa, lafiyarsa ƙalau. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, na gane ya kwana biyu yana shirya maganar.

Ban taɓa yi wa wani abu aiki kamar yadda na yi wa bidiyon nan ba. Na yanke gajere, na bar dogo, na rubuta fassara, na matse, na yi murya da yare uku, na jira lokacin da ya dace. Na tura wa duk wanda ya taɓa yi mini magana a kan na farko. Mama Nkechi ta sake tura wa matan cocinsu. Sai dai ruwa ya janye, mutane sun koma kan wani abin. Dattijo ne a zaune cikin farar riga yana godiya, ba abin da zai tsayar da yatsa. Na duba da safe, na duba da yamma, abin yana nan inda na ajiye shi.

Bayan mako guda, yana cin tuwo a tsakar gida, na kawo masa ruwa. Ya tambaye ni ko an gani. Na so in ce masa an gani sosai, ba yadda za a yi ya bincika. Sai na ga na riga na yi masa abu ɗaya a bayan idonsa.

"Ba su da yawa, Baba. Waɗanda suka kalla har ƙarshe ba za su cika sahu biyu ba."

"Yaya Sale fa?"

"Na tura wa ɗansa ya nuna masa. Bai ce komai ba."

Ya wanke hannu, ya karɓi kofin ya sha, ya miƙo mini.

"To, ki bar shi a can," ya ce. "Wannan kar ki cire."

Ban cire ba. Shekara biyu bayan nan Baba ya bar wa yayana rumfar ya koma gida, ya ce gwiwoyinsa ba sa son danshin kudu, mu kuma ba wanda ya ja maganar. Muna waya duk Juma'a, yana kirana da sunana, yana tambayar yara. Na farkon kuwa yana nan yana yawo, jifa-jifa sai in gan shi da sabon rubutu da sunan wani gari. Duk inda na same shi, ina liƙa na biyun a ƙarƙashinsa, in rubuta cewa ga mutumin nan, ku ji daga bakinsa. Ba a cika buɗewa ba.